Tawada a Ƙaramin Yatsa

Kawuna Shomshu Alom ne ya fara shan maganin, kuma a gaban jama'a ya sha. Shi ne majhi, wato mai unguwa, na unguwarmu a sansanin 'yan gudun hijira na Balukhali. Duk abin da ya sauko daga hukuma ta hannunsa yake bi kafin ya iso ga mutane, duk zagin da ya taso daga mutane kuma a kansa yake fara sauka. A shekarar, ruwan damina ya cika masai ya kwarara da ƙazanta cikin rijiyoyi, kwalara ta fara ɗaukar mutane a unguwar da ke ƙasan tudunmu, sai aka turo mu, 'yan sa-kai na kiwon lafiya, da akwatin sanyi cike da ƙananan kwalaben rigakafi. Aikina shi ne in buɗe kwalba in miƙa, sannan in shafa tawada shunayya a farcen ƙaramin yatsan hagu na wanda ya sha, domin kada a ba mutum ɗaya sau biyu.

Mun kafa teburinmu a ƙofar masallacin gora da hantsi. Mutane sun taru, amma sun tsaya daga nesa, iyaye sun riƙe 'ya'yansu a ƙugu. Kawu ya tofar da jan yawun ganyen fan da yake tauna kamar goro, ya goge baki, ya karɓi kwalba daga hannuna.

"Ku dube ni da kyau," in ji shi. "In na faɗi na mutu, ku raba shinkafata. Amma lemata ta Kefayet ce, kada wani ɓarawo ya taɓa ta."

Aka yi dariya kaɗan. Ya kafa kai ya shanye, ya yamutsa fuska.

"Kai, Kefayet! Duk karatun nan naka, ba a koya muku sa sukari ba? Ruwan wankin busasshen kifi ya fi wannan daɗi."

"Kawu, miƙo hannun hagu."

Na shafa masa tawadar a hankali, yadda aka koya mana, ba tare da ta taɓa fata ba sai ɗan gefe. Ya ɗaga hannun sama ya juya shi kowa ya gani. Daga nan layi ya kafu. Kafin azahar mun kusa ƙarar da akwatin, hankalina ya fara kwanciya.

Mutum ɗaya ne ya hana shi kwanciya gaba ɗaya. Abul Foyez yana zaune a bencin mai shayi tun safe, bai shiga layi ba, bai kuma tafi ba. Ba kwalaben yake kallo ba, hannayen mutane yake bi da ido. Ƙauyensu yana maƙwabtaka da namu a can Mongdo, inda muka gudo. Yana saurayi sojoji suka tara magidantan ƙauyen a filin makaranta, suka kama hannun mahaifinsa, suka tsoma yatsansa a tawada, suka danna a kan takardar da babu wanda ya iya karanta ta. Kafin shinkafar shekarar ta nuna, gonar ta tashi daga tasu. Babu wanda ya tsallako kogin Naf da ba shi da labari irin wannan a gidansu. A wurinmu, tawada a yatsa abu ɗaya take nufi: an karɓe maka wani abu, kuma an ce da yardarka.

Washegari da safe na sauka wurin famfon tuƙa-tuƙa da jarka, na tarar da mata sun cika wurin ba don ɗiban ruwa ba. Kowace ta matse hannun ɗanta tana dirzawa. Sabulun da muka yi wata da watanni muna roƙon a riƙa wanke hannu da shi, ya narke a safiya ɗaya. Waɗanda sabulunsu ya ƙare sun koma yashi. Wata mai suna Toyuba ta ɗebo farar ƙasar da ake shafa wa ganyen fan, ta shafa wa yatsan 'yarta, yarinyar tana tsala ihu, fatar ta saɓule ta yi ja.

"Yaya Toyuba, tsaya! Za ki ƙona mata yatsa!"

"Gara ya ƙone," ta ce, ba ta ɗago ba. "Gara yatsa da a kai min ita tsibiri."

"Wane tsibiri?"

Sai duk suka juyo kaina. Daga bakinsu na ji maganar da ta kwana tana yawo a unguwa: wai tawadar nan dangwale ce. Wai duk mai ita ya yarda a kwashe shi a kai shi tsibirin nan na tsakiyar teku, inda ambaliya ke shafe komai. Wai majhi ne ya fara dangwalawa a madadin unguwa duka, maganin kuma yaudara ce kawai don a samu hannun mutane.

Na ajiye jarkar, na yi ƙoƙarin yin magana a tsanake. Na ce babu takarda a teburinmu da wani ya taɓa. Na ce alama ce kawai ta wanda ya sha.

"To in alama ce kawai, me ya sa ba ta fita?" in ji wata tsohuwa. "Tun asuba nake gogawa."

"Ai an yi ta ne don kada ta fita, Inna."

"Kun ji! Da bakinsa ya faɗa!"

Wani ya jefo ni da ɓawon kwakwa, ya same ni a kunne. Na bar jarkar a wurin na hau matakalan buhunan yashi da sauri, jakar aikina tana dukan ƙuguna, da kwalbar tawadar a ciki, domin ranar ma akwai sauran gidajen da ba mu kai ba.

Na samu Kawu a ƙofar bukkarsa yana cin shinkafa da miyar waken dal da barkono. Matarsa ta tafi karɓar rabon iskar gas. Na gaya masa duk abin da na ji, na roƙe shi ya naɗe hannun da tsumma, ya ce wuƙa ce ta yanke shi, ko kuma ya sauka ofishin sansani ya zauna har ƙura ta lafa.

"In na naɗe, na amsa laifi ke nan," ya ce. "Jiya na ɗaga hannun nan a gaban masallaci. Yau in ɓoye shi? Zauna ka ci abinci, fuskarka ta yi kamar ta wanda ya haɗiye kwaɗo."

"Kawu, ba wasa ba ne. Foyez ne a bayan maganar."

"Foyez? Ni na goya shi muka haye kogi, ƙafarsa tana ruɓa. In ya zo, zan ba shi shayi."

Bai rufe baki ba muka ji su. Sun fito ta lungun da ke tsakanin bukkoki, Foyez a gaba da adda, samari a bayansa da gorori, wasu da sandunan ƙarfen da ake kafa tamfol da su. A bayansu kuma jama'a, maza da mata, da yawa sun cusa hannun hagu a cikin riga.

"Sannu da zuwa, Foyez," in ji Kawu. "Addar nan ta aro ce, ko ka fara sana'a?"

Foyez ya matso. Ya sa ƙafa ya shure kwanon shinkafar, ya tarwatse a taɓo. Samari biyu suka cafki Kawu ta hammata suka finciko shi. Na shiga tsakani, na ce su saurara, sai wani ya ɗora min gora a baki. Na ji haƙorina ya motsa, bakina ya cika da gishiri, na faɗi a kan gwiwoyina. Suka ja Kawu a ƙasa, zanen lungi da ya ɗaura a ƙugu yana kwancewa, har zuwa fagen da mai kifi ke sara kifinsa a kan wani guntun kututture. Suna jansa suna duka. Wani ya taka masa ƙirji. Wata mata ta watsa masa ruwan wanke-wanke.

"Ka sayar da mu, Shomshu," in ji Foyez. Muryarsa ba ta tashi ba, kuma wannan ya fi ba ni tsoro. "Can sun riƙe hannun ubana da ƙarfi. Kai kuwa da kanka ka miƙa naka, kana dariya."

"Magani na sha, ɗan banza," in ji Kawu, jini yana bin gemunsa. "Da kai ma ka sha, da wataƙila ya wanke maka kai."

Aka ƙara masa gora a haƙarƙari.

Na rarrafa na miƙe. Na san idan na ɗaga murya za su ce tsoro ne, idan na yi ƙasa da ita ba za su ji ba, don haka na yi magana kamar yadda nake yi a taron wayar da kai.

"Yaya Foyez, don Allah ka dubi hannun da kyau. Dangwale da babban yatsa ake yi, wannan ƙarami ne. Dangwale a cikin yatsa ake shafawa, wannan a kan farce take. Ta yaya mutum zai danna farce a takarda? Wa ya ga takarda jiya? A cikinku nan, wa aka ba takarda?"

Wasu daga cikin jama'ar suka dubi juna. Wani dattijo ya zaro hannunsa daga riga ya ƙura wa farcensa ido.

"Ka gama, malam likita?" in ji Foyez. "Lokacin ubana babban yatsa ne, saboda lokacin ba mu waye ba. Yanzu sun san mun gane, sai suka sauya yatsa. Takarda kuma, wa ke bukatar takarda yau? Ranar da motoci za su zo, hannu kawai za su ce a ɗaga." Ya juya ga jama'a. "Wanda bai san abin da aka yi masa ba, ba ruwanmu da shi. Amma wanda ya kai mu, yatsan da ya sayar da mu ba zai kwana a jikinsa ba. In ya yi gardama, hannun duka."

Suka kifa Kawu a gaban kututturen. Saurayi ɗaya ya hau bayansa, ɗaya ya danne gwiwar hannun. Foyez ya kama wuyan hannun da hagunsa ya shimfiɗa shi a kan itacen, a tsakanin ɓawon kifi da ƙudaje. Kawu ya dunƙule hannun, ya ƙi buɗewa.

"Buɗe, ko in sare daga nan," in ji Foyez, ya ɗora kaifin addar a wuyan hannun.

"Kawu, buɗe!" na ce. "Don girman Allah, buɗe!"

Ya buɗe.

Ban tsara abin da na yi ba. Hannuna yana cikin jaka, yana riƙe da kwalbar tawada, domin tun da suka iso nake tsoron kada su bincike ni su gan ta. Da na ga addar ta tashi, sai na yi tsalle na maka kwalbar a gefen kututturen da dukan ƙarfina. Ta fashe a tafina. Addar ta sauko duk da haka.

Ƙarar ba ta da yawa, kamar ta saran kan kifi ce. Kawu ya yi wani irin gurnani da ban taɓa ji daga bakin mutum ba. Ƙaramin yatsan ya gangara gefe ya tsaya a ƙasa, jini yana tsartuwa daga wurin a kai a kai.

Amma idon jama'a ba a kan jinin yake ba. Tawadar ta wanke hannun hagun Foyez tun daga yatsu har gwiwa. Ta fantsama a fuskar wanda ya danne hannun Kawu, ta ɓata ƙirjin na bayansa. Nawa hannayen biyu sun rine har wuya. Foyez ya saki Kawu ya goga hannun a zanensa, sai ta ƙara bazuwa. Ya durƙusa ya dirza da taɓo. Ya tofa yawu ya sake dirzawa.

"Ruwa!" ya daka tsawa. "Ku kawo ruwa da sabulu!"

Babu wanda ya motsa. Babu ma sabulun da ya rage a unguwar.

A daidai lokacin mutanen unguwar ƙasa suka hauro. Su ne kwalara ta fi yi wa ɓarna, sun binne 'ya'yansu a makon, kuma labari ya iso musu cewa 'yan saman tudu sun dangwala a madadin kowa da kowa. Sun fi mutanen Foyez yawa, ba su san fuskokinmu sosai ba, kuma abu ɗaya suka zo nema. Na gabansu, wani ƙato mai sandar ƙarfe, ya tsaya ya dubi fagen, idonsa ya sauka a kan hannun Foyez.

"La ilaha illallahu! Wasu da yatsa ɗaya suka dangwala, wannan da hannu duka!"

"Ba haka ba ne!" in ji Foyez, yana ja da baya. "Zuba min aka yi! Tawadar rigakafi ce kawai, ba komai ba ce! Ku tambayi kowa!"

"Ba komai ba ce? To me ya sa kake gogewa?"

Sandar ta sauka a kan hannun da ke riƙe da adda, na ji ƙashi ya ƙarye. Samarinsa biyu da tawadar ta taɓa suka zura da gudu, aka bi su. Sauran suka yar da gororinsu suka shige cikin jama'a. Aka rufe Foyez, ban ƙara ganinsa ba sai ƙafafunsa suna shure-shure a tsakanin ƙafafun mutane, muryarsa tana fitowa daga ƙasa tana rantsuwa cewa magani ne, magani ne kawai.

Na cusa hannayena a ƙarƙashin jikin Kawu na ja shi bayan bukkar mai kifi. Na cire tawul ɗin wuyansa na naɗe dungun da ƙarfi, na ɗaga hannun sama da kansa. Fuskarsa ta yi toka-toka.

"Yatsan fa?" ya ce.

"Kawu, tashi mu tafi."

"Bar musu shi. Ai shi ne mai laifin."

Asibitin da ya fi kusa shi ne na masu kwalara, a bakin babban titi, kuma kafin a kai can sai an ratsa unguwar ƙasa an haye gadar gora. Na dubi hannayena. Ko makaho ya taɓa su zai ji tawadar. Ba zan iya ɓoye su a riga ba, domin da su zan riƙe Kawu. Ya bi idona da kallo, ya gane. Da hannunsa mai lafiya ya kama nawa ya ɗora a kan tawul ɗin da ya riga ya jiƙe sharkaf.

"Matse," ya ce. "Shafa har sama. Zuba yake yi a banza."

Na matse. Na shafa jininsa a bayan hannayena, a tsakanin yatsu, a kan farce, har wuyan hannu, sai da ja ya rufe shunayya.  Na rataya hannunsa na dama a wuyana muka fara sauka.

Matakalan suna da santsi, sau da yawa muka zame. Ko'ina ana gudu. Mun wuce wani mutum zaune a ƙofar bukkarsa yana kankare farcen kansa da reza. Mun wuce teburinmu na jiya an karairaya shi, akwatin sanyin a kife cikin kwata. Duk wanda ya dube mu, jinin yake gani ya kauce.

A bakin gadar wasu samari sun tare hanya da gora, suna sa kowa ya ɗaga hannu.

"Kai, nuna!"

Na miƙa musu hannu ɗaya, ɗayan yana tallafe da Kawu. Jinin ya fara bushewa, ya yi baƙi-baƙi. Shugabansu ya dube shi ya yamutsa fuska.

"Na tsohon fa? Kwance tsumman."

Kawu ya ɗago kai da ƙyar. "Ɗana, yatsan da kake nema yana can sama, kusa da kututturen mai kifi. Yi sauri kafin kaji su riga ka."

Saurayin ya dubi tawul ɗin, ya ga inda ya lotsa. Ya janye gorar. Amma da muka haye na waiga, na ga uku daga cikinsu sun biyo mu daga nesa. Wataƙila wani ya gaya musu wane ne ni.

Asibitin yana kewaye da shingen gora da ƙofa ɗaya. A bakin ƙofar akwai tankin ruwan kulorin mai famfo, da tiren da ake taka ƙafa a ciki. Wata nas 'yar ƙasar, mai takalman roba, tana tsaye a wurin. Ta dubi hannun Kawu, ta kira a kawo gadon ɗauka, aka ce duk suna ciki da marasa lafiya a kai.

"To kai za ka shigo da shi," ta ce da ni. "Wanke hannunka."

"'Yar'uwa, bari in shigar da shi tukuna, in wanke a ciki."

"Ba a ƙetare nan da hannu haka. Kai ma'aikacinmu ne, ka fi ni sani. Akwai mutum sama da abin da za ka iya ƙirgawa a kwance a ciki. Yi sauri, jininsa na ƙarewa."

Na waiga. Samarin uku sun tsaya a tsallaken titi, kusa da tulin tsakuwar gyaran hanya. Nauyin Kawu duka ya dawo wuyana, idanunsa sun fara juyewa. Na jingina shi da shingen, na tare shi da kafaɗa, na buɗe famfon.

Ruwan ya shiga yankan da kwalbar ta yi min a tafi, ya yi zafi kamar wuta. Na wanke yadda nake koya wa mutane: tafi da tafi, bayan hannu, tsakanin yatsu, ƙarƙashin farce. Jan ruwa ya gangara cikin rami. A ƙarƙashinsa hannayena suka fito shunayya fes, har wuya, a tsakiyar rana.

"Ga shi nan! Shi ne mai tawadar!"

Dutse na farko ya daki tankin. Na biyu ya same ni a bayan kai, na ga wuta. Na sunkuci Kawu kamar buhun shinkafa, na taka cikin tiren da ƙafa biyu, na faɗa ciki da shi. Nas ɗin ta banko ƙofar ta sa sakata, duwatsu suna sauka a kan gorar kamar ruwan sama a tamfol.

Aka karɓe shi daga hannuna aka kwantar a kan benci, aka sa masa ruwa a jijiya. Likitan da ya kwance tawul ɗin ya daɗe yana duba wurin, yana danna sauran yatsun ɗaya bayan ɗaya yana tambayar Kawu ko yana ji. Kawu ya gyaɗa kai a kowanne. Likitan ya ce saran ya tsaya a yatsan, hannun zai rayu, ya sa aka miƙo masa allura da zare. Na zauna a ƙasa kusa da bencin na riƙe ƙafar Kawu, domin shi ya ce kada in bari ya shure likitan, mutumin kirki.